Shin Ruwa Ne Ke Ruɓar da Itace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai bishiya mai kogo da ruwan sama ke taruwa a ciki. An ce in huda ƙasan kogon ruwan ya tsiyaye. Shin daidai ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka huda ta. Ba ruwa kaɗai ke ruɓar da itace ba, ƙwayoyin fumfuna ne ke cin sa, kuma sai sun sami laima da iska da ɗumi. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba ba ya ruɓa. Wanda ya nutse gaba ɗaya ma yana daɗewa, domin iskar da fumfuna ke bukata ta yi ƙaranci, sai bakteriya masu ci a hankali. Wani jirgin ruwa na katako mai suna Vasa ya nutse a Stockholm, babban birnin Sweden, a 1628, aka ciro shi a 1961, akasarin katakonsa na nan.

Ɓarnar tana daidai bakin ruwa, inda itace ke jiƙewa yau ya bushe gobe. Shi ya sa turken da aka kafa cikin ruwa ke karyewa a nan, alhali gindinsa garau yake.

Bishiya tana gina katanga kewaye da ruɓaɓɓen wuri don kare lafiyayyen naman itacenta. In ka huda, ka fasa katangar, ka buɗe wa fumfuna hanya. Cika kogon da siminti ma kuskure ne: yana riƙe laima, yana gogar itacen idan iska ta kaɗa. Kwashe ganye da datti da hannu, kada ka kankare bangon kogon. Idan kogon ya yi zurfi kuma bishiyar na kusa da gida, kira masanin bishiyoyi ya auna kaurin lafiyayyen itacen da ya rage.