Game da kwari da bakan da kuka ciro a soro

Ɗana,

Saƙonka da hotunan sun iso ni jiya bayan la'asar. Ka ce kuna gyaran soron gidanmu na Daura kuka ciro kwari da baka rataye a jikin azara. Wani dillali ya taya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wai tsohon itace ne kawai, abokinka kuma ya rantse tun zamanin jihadi ne, kuɗinsa sai miliyoyi. Kana so ka san yadda ake gane shekarunsa, da kuma ko al'ada ta yarda a sayar.

Kafin komai, kada ka taɓa bakin kibau, kuma ka nisanta su da yara. Baƙin abin nan da ya daskare a wuyansu kamar kwalta dafi ne. Da 'ya'yan kwankwani ake dafa shi, zuciya yake kamawa, kuma ban taɓa jin maharbin da ya amince da kibiya don ta tsufa ba.

Kada kuma ka ɗaura masa tsirkiya don ka gwada. Ni na yi wannan wautar. Ina koyarwa a firamare, aka ce za a yi bikin al'adu, na aro wani tsohon baka a gidan maƙwabta. Na sa gwiwa na tanƙwara shi kamar yadda na ga ana yi, sai na ji ƙas! Ya rabe biyu, gari mai laushi kamar na gero yana zubowa daga ciki. Ashe ƙwaro ya cinye shi tuntuni, ɓawon ne ya rage. Mai bakan bai ce mini komai ba, ya karɓi guntayen ya shige gida. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To, maganar shekaru. Bakan Turkawa na zamanin Daular Usmaniyya, wanda ake haɗawa da ƙaho da jijiya da itace, sau da yawa za ka tarar da sunan maƙerinsa da shekarar Hijira a jikinsa. Namu ba haka yake ba. Sanda ce guda, ta dargaza ko ta gora, maharbi ya sare ta a daji ya gyara da kansa, ba rubutu ba hatimi. Ko gwajin kabon da 'yan jami'a ke yi ba zai raba maka gardama ba, domin abin da bai wuce shekara 300 ba yakan rikita gwajin. Saboda haka itacen kaɗai ba ya faɗin shekarunsa. Abin da zai iya nuna maka shi ne ko an yi aiki da shi da gaske. Duba mariƙa, tsakiyar bakan. Inda tafin hannu ya shekara da shekaru yana zama, wurin yakan yi santsi da duhu, har ya ɗan lotsa, sauran jikin kuwa bai kai shi ba. Duba kawunan biyu, inda tsirkiya ta ci itacen. Masu tsofar da sabon kaya sukan rataye shi a madafa hayaƙi ya turnuƙe shi, su shafe shi da mai da toka. Irin wannan baƙinsa ɗaya ne daga kai har gindi, ƙaurin hayaƙi na tashi, in ka goga farin ƙyalle sai ya biyo.

Shaidun da suka fi magana su ne abokan tafiyarsa. Ɗinkin kwarin da tsinken fata aka yi ko da zaren lailon? In lailon ne, ko ka ga an naɗe wani wuri da robar taya, wannan gyaran bai kai shekara 100 ba, amma gyara ne kawai, bai tsofar da bakan ba bai kuma yarantar da shi ba. Jan fatar, na karan dafi ne da dukawa ke rini da shi, wanda ke komawa ja mai duhu, ko fentin kanti ne mai ɓarewa? (Karan dafin nan, kada sunan ya ruɗe ka, dawa ce ta rini, ba ruwanta da kibiya.) Sai ƙarfen kibau. Wanda aka narka daga tama yakan fito da 'yan tsage-tsage da tabon guduma, ba ya yin sumul. Da ƙarfen Turawa ya yawaita, maƙera suka koma ƙusa da rodi da tarkacen mota. A hotonka na ga kamar iri biyun duk suna cikin kwarin, kuma haka ya kamata, don kibiya da tsirkiya kullum sauya su ake yi.

Abokinka bai yi ƙarya a kan tarihi ba. 'Yan baka ne suka karya dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804. Amma baka kayan aiki ne, yana karyewa a sake wani, ga gara ga damina. Wanda ya haura shekara 200 a ɗakin ƙasa sai an tona. Abin da na sani da kunnena shi ne, wannan na kakana ne, mahaifin kakanka. Ya sha gaya mana yana saurayi, ya fara bin maharba, lokacin da Turawa suka mayar da sarautar Daura hannun Malam Musa a 1906. Bai taɓa cewa gadonsa ya yi ba, cewa yake shi ya saro shi. Ka ga ke nan an doshi shekara 120, ba a kai jihadi ba.

Wannan lissafin ya shigar da shi hurumin doka. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi: ba kowa ke da izinin cinikinsa ba, ba a kuma fitar da shi waje sai da takarda. Ka tambayi dillalin nan takardarsa, ka ga ko zai dawo. Farashi kuwa ba zan yanka maka ba. Abin da ke ɗaga shi dai sananne ne: kayan su kasance tare, ba a kankare ba, ba a shafa musu mai ba, kuma a san hannun da suka fito. Baka tsirara ba labari, dillalin ya yi gaskiya, sanda ce.

A al'ada ba haramun ba ne a sayar, amma ba naka ba ne kai kaɗai, ba nawa ba ne. Gado ne da ba a raba ba, kowane jika na da baki a ciki, har gwaggwanninka. Gidan maharba kuma kwari da baka wurin wanda ya riƙe sana'ar suke zama, in babu, sai babban gida ya adana. Layun da ke jikin kwarin ba a farke su don son gani. Kuma kafin a kai wa baƙo, Sarkin Baka ake fara nuna wa, shi ne zai iya duban ƙirar kibiya ya ce ta wane gari ce. In dangi suka ga ba za su iya adanawa ba, ni ra'ayina a kai gidan tarihi na Katsina, wanda ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, a rubuta sunan mai shi.

Yanzu ka naɗe su a tsohon zane, ka kwantar a wuri busasshe nesa da ƙasa. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu ka biyo ta nan mu je wurin Gwaggo Babba, ita ta yi wa Kaka aike har ya rasu. Ka cika wayarka da caji, ka bar ta ta yi magana ko ta yi nisa, kada ka katse ta.

Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka