Amsa: yadda zaka ware shekarar kuɗi a R

Salam ɗan uwa, ka ce shekarar kuɗin ku tana farawa 1 ga Oktoba amma R, manhajar lissafi da nazarin bayanai, yana raba maka lissafin a Janairu. To matsalar ba daga R ba ne, shi shekarar kalanda kawai ya sani, kai ne zaka gaya masa.

Abu na farko tukuna, duba ko ginshiƙin kwanan watan nan da gaske kwanan wata ne ko rubutu ne kawai, don wallahi nan ne mutane ke faɗawa rami, 03/04/2022 wani ya karanta 3 ga Afrilu wani kuma 4 ga Maris kuma manhaja ba zata yi maka ƙorafi ba, sai dai ka ga jimla ta karkace. In daga Excel ka kwaso kwanan watan a matsayin lambobi, R yana ƙirga kwana daga 1 ga Janairu 1970, Excel kuma mafarin ƙirgarsa daban ne, saboda haka sai ka ba R 1899-12-30 a matsayin mafari.

Sannan ka ciro wata da shekara daban, in wata ya kai 10 ko sama ka ƙara 1 kan shekara, shi ke nan Nuwamba 2022 ya koma shekarar kuɗi ta 2023, haka gwamnatin Amurka ke sa wa tata suna, da shekarar da ta ƙare. Don Allah kar ka bi hanyar ƙara wata uku kan kwanan, 30 ga Nuwamba zai zama 30 ga Fabrairu wanda babu shi, lubridate (kunshin R mai sarrafa kwanan wata) sai ya baka NA, wato babu komai a wurin, layuka su zube baka lura ba.