Jitata ba ta riƙe saiti, makirufo kuma yana tsikarata a leɓe: in sayi Fender?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Fagge, shekarata biyu ina kaɗa jitar lantarki a wuraren biki. Jitata Squier ce ta hannu, a Sabon Gari na saye ta. Ba na gama waƙa biyu sai saitin ya sauka, musamman tsirkiya ta uku. Abokaina sun rabu biyu, wasu sun ce in tara kuɗi in sayi Fender ta asali, wasu sun ce in ba Gibson ba babu jita, wani kuma ya ce in canza kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya in sa masu kulle. Sannan amfilifayata tana ƙugi, sai wani mai gyaran rediyo ya karya dogon ƙarfen fulogin, ƙugin ya ragu. Tun daga ranar, in ina riƙe da jita na kusanci makirufo sai in ji abu yana tsikarata a leɓe. An ce haka lantarki yake, zan saba. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada ka ƙara jona wannan amfilifaya a wuta sai an sa mata sabon fulogi mai ƙafa uku. Ka cire ta yanzu, sannan ka dawo mu yi maganar saiti.

Kunnuwan jita ba kasafai suke warwarewa da kansu ba, ko da masu arha ne, domin haƙoran da ke cikinsu an yi su ne yadda jan tsirkiya ba zai iya juya su baya ba. Mafi yawan jitocin da ake kawo mini da wannan kuka, laifin na ɗan ƙashin nan ne da ke kan wuya, inda tsirkiyoyi ke bi ta cikin tsagi kafin su kai kunnuwa. Tsagin ya matse, tsirkiya ta maƙale, kana jan ta sama da yatsa sai ta zame ta ƙi komawa inda take. In kana ɗaurewa ka ji wani ɗan "ƙyas", shi ne. Ya fi faruwa ga wanda jitarsa ta zo da tsirkiya lamba 9 ya sa mata 10 ko 11, waɗanda suka fi kauri, ba a buɗa tsagin ba. Ka goga bakin fensir a cikin kowane tsagi. Ka daina naɗa tsirkiya tuli guda a kan kunne, zagaye biyu zuwa uku ya isa, kowanne a ƙasan na farko. Sabuwar tsirkiya ka ja ta da hannu, ka sake saiti, ka maimaita har ta daina sauka. Kullum kuma daga ƙasa ake hawa zuwa sautin da ake so, ba a saukowa kansa daga sama. Kunnuwa masu kulle irin na Gotoh ko Schaller kaya ne masu kyau, suna sauƙaƙa canjin tsirkiya, amma in tsagin ya matse ko ka sa su ba za ka ga bambanci ba.

Ka kuma tuna a Kano kake. Katakon da ya sha danshin Agusta, in hunturu ya shigo sai ya bushe ya tsuke, wuyan ya motsa, har bakin ƙarafunan wuyan ya fara kartar hannu. Sau biyu a shekara jita tana son a duba sandar ƙarfen da ke cikin wuyanta. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana.

Maganar Fender da Gibson kuwa, bambancin sautinsu gaskiya ne, kuma yana da dalili. Stratocaster ta Fender ta fito a 1954, tsawon tsirkiyarta daga ƙashi zuwa jaki, wato inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jita, inci 25.5 ne, fikof ɗinta, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, naɗin waya ɗaya ne, shi ya sa muryarta take da kaifi da ƙara, shi ya sa kuma take jawo ƙugi. Les Paul ta Gibson ta fito a 1952, inci 24.75, kuma tun 1957 take da fikof mai naɗi biyu wanda Seth Lover ya ƙera don kashe wannan ƙugin, muryarta ta fi kauri. Amma Squier ɗinka ta kamfanin Fender ce, tsawonta ɗaya da yayarta, kamar yadda Epiphone take ta Gibson. Ni na fi son Squier ko Yamaha Pacifica da aka daidaita da kyau a kan jabun Gibson da na sha gani an saya da kuɗin gaske saboda sunan da ke rubuce a kai. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake zaga duniya da Stratocaster, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ka riƙe kuɗinka tukuna.

Yanzu abin da ya sa na zauna rubuta wannan amsa da daddare.

Wanda ya ce maka za ka saba, bai san abin da yake faɗa ba. Wannan dogon ƙarfe da aka karya shi ne ƙafar wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin. Buɗe bayan jitarka za ka ga wata 'yar siririyar waya ta tafi jaki. Ta nan tsirkiyoyi shida suke haɗe da kebul, kebul yana haɗe da ƙarfen jikin amfilifaya, ƙarfen kuma yana haɗe da wannan ƙafa. Ma'ana duk lokacin da yatsunka suke kan tsirkiya, jikin amfilifayar kake riƙe da shi. In wata waya ta goge a ciki ta taɓa ƙarfen, atin ne zai kwashe wutar ya kai ƙasa, fis ya ƙone, a tsaya. In babu shi, wutar nan mai ƙarfin bolt 230 za ta zauna a kan tsirkiyoyinka tana jiran hanya. Makirufon da ke gabanka yana jone da mikisa, na'urar haɗa sauti, mai nata atin. Hannu a jita, leɓe a makirufo, hanya ta samu, kuma ta ƙirjinka za ta bi. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya rikita bugun zuciya. Ga gumi, ga leɓe a jiƙe, wani lokaci ga ƙafa ba takalmi a kan siminti. Kuma wutar gida tana sa tsoka ta ƙanƙame, sai hannun ya damƙe wuyan jitar ya kasa saki.

An yi asarar rayuka ta wannan hanya. A 1972 Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya taɓa makirufon da ba shi da atin a kan dandamali a garin Suwansi na Birtaniya, ya mutu a gaban jama'a yana da shekara 27. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa a Landan yana kaɗa jitar da kayanta ba su da atin mai kyau. Waɗannan mutane ne da ke da kayan aiki na gani na faɗa. Sunan da ke kan jita bai hana komai ba, domin Fender ta miliyoyi da Squier ta hannu hanya ɗaya wuta take bi a jikinsu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kusan kowane mako sai an kawo mini amfilifaya da fulogi mai ƙafa biyu, ko ma babu fulogin sam, an cusa tsirarar waya a soket an tokare da tsinken ashana. Ka tambaya a ce maka "injiniya" ne ya yi. Wane injiniya? Mutumin da ya ji ƙugi ya ragu ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ba shi zai tsaya a gaban makirufo ba. Na taɓa ganin yaro a wani ɗakin biki ya faɗi da jita a wuya, Allah ya sa mai janareta yana kusa ya kashe. Da ya farfaɗo, masu wurin cewa suka yi iska ce ta buge shi, a kawo hayaƙi. Na sa mita tsakanin tsirkiyarsa da kan makirufo, na nuna musu lambar da idonsu. Wasu kuma sai su naɗa soso ko hankici a kan makirufo su ce an yi magani, alhali soso yana jiƙewa da numfashi cikin minti kaɗan. Wani ya ce sitabilaiza za ta kare ka. Aikinta daidaita ƙarfin wuta ne, ba ta san da zamanka ba.

Ƙugin da aka karya fulogi dominsa yana da magani na halal. In yana ƙaruwa ko raguwa sa'ad da ka juya da jitar, halin fikof mai naɗi ɗaya ne, ka matsa daga kusa da amfilifaya da fitilu masu coka, ko ka sa makunnin fikof a matsayi na biyu ko na huɗu, a yawancin jitoci irin taka nan ƙugin ke mutuwa. In kuwa sai an haɗa amfilifaya da mikisa yake tasowa, to ku jona su duka a soket ɗaya mai atin, ko ku sa akwatin DI, ɗan akwatin da ke kai sautin kayan kiɗa zuwa mikisa, a tsakani ku danna maɓallin da ke raba atin na sauti. Wannan maɓalli layin sauti kawai yake rabawa, bai taɓa na wuta ba.

Ga abin da za ka yi kafin bikin gaba. Sabon fulogi mai ƙafa uku da fis a ciki, a gwada da mita a tabbatar ƙafar atin tana haɗe da ƙarfen amfilifaya. Kada ka buɗe cikinta da kanka, musamman mai kwalaben ƙara sauti a ciki, tana riƙe ɗaruruwan bolt ko an zare ta daga wuta. Ka sayi birekar nan mai yanke wuta in ta fara zurara, mai lamba miliamfiya 30, ka riƙa yawo da ita a jakar jita. Yawancin janaretocin da ake kawowa biki ajiye su kawai ake yi a ƙasa ba a kafa musu sandar atin ba, to ka tambaya, in babu ku nemi mai wayarin na gaske ya kafa. Kuna gama haɗa kaya ka sa mita a ma'aunin wutar AC, baki ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ragar makirufo. Lambar ta tsaya kusa da sifiri. In ta haura, ka ajiye jitar ka gaya wa mai biki sai an gyara, ko da ango ya riga ya shigo.