Amsa: me ya sa maganin kansar furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) ke daina aiki?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da allurar rage sinadarin maza ke kwantar da kansar furostet, daga baya kansar ta sake tasowa. Wani ɓangare na sirrin yana cikin rabuwar ƙwayoyin halitta. Kafin ƙwaya ta kwafi DNA ɗinta (kundin bayanan gadonta) don ta rabu biyu, akwai shingen da wani furotin mai suna Rb ke gadi. Testosteron, wato sinadarin maza, kan tayar da furotin cyclin D1 da CDK4 masu ingiza rabuwar ƙwaya, su kuwa su ture Rb gefe. Idan aka rage testosteron, ƙwayoyin sai su tsaya cak a matakin G1, wato kafin kwafin DNA. Abin tausayi, wasu ƙwayoyin kansar kan rasa Rb ko p53 (wani furotin mai taka wa rabuwa birki), su riƙa rabuwa babu mai tsawatarwa. Shi ya sa likita ke bibiyar PSA, gwajin jini da ke nuna alamar ko kansar na sake tasowa; kada majinyacinku ya tsallake gwajin. Allah ya ƙara sauƙi.