Amsoshin Tambayoyinku: Hoton da aka rubuta wa sunan Poussin, nawa zai yi a gwanjo?

Wata mai karatu daga Damagaram ta rubuto: Marigayi mahaifinmu ya yi karatu a Faransa, kuma cikin kayan da ya bari akwai wani hoto baƙi da fari a firam, makiyaya uku da mace ɗaya suna duba rubutun wani kabari. A ƙasa an rubuta "N. Poussin pinxit". Ƙanena ya ce zanen wannan mutum miliyoyi yake yi a Turai. Za a raba gado, yaya za mu yi masa kuɗi?

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, sai dai ba irin hotonku ake nufi ba. Nicolas Poussin, wanda aka haifa a Faransa a 1594, ya yi yawancin rayuwarsa a birnin Rum har ya rasu a 1665, da fenti yake aiki a kan ƙyalle. Zanen makiyayan nan na asali yana gidan adana kayan tarihi na Louvre a Paris, kuma ba na sayarwa ba ne. Abin da ke hannunku bugu ne: wani gwani daban ya kwaikwayi zanen a jikin farantin jan ƙarfe, aka shafa tawada, aka danna a takarda. "Pinxit" da Latin na nuna wanda ya yi zanen asali. Duba ɗaya kusurwar, mai yiwuwa ki ga wani suna tare da "sculpsit" ko "sc.", to wannan shi ne mai aikin farantin. Rembrandt, shahararren mai zanen Holland, da hannunsa yake yin nasa farantan, shi ya sa bugunsa ke tsada. Poussin kuwa wasu ne suka yi ta yi masa, irin su Jean Pesne, Gérard Audran da Claudine Bouzonnet-Stella.

Saura a gane shekarun takardar. Ki sa wani mai hannu a hankali ya cire ta daga firam, ki ɗaga ta wajen haske. Takardar zamanin da tana da siraran layuka a jere cikin jikinta, wani lokaci da ɓoyayyen tambarin masana'anta. Ki shafa gefen hoton da yatsa: bugun faranti na barin ɗan kwari mai kusurwa huɗu inda ƙarfen ya danne. Idan kuma kika duba da gilashin ƙara girma kika ga ɗige-ɗige a jere kamar hoton jarida, aikin injin zamani ne, kuɗinsa kuɗin firam ɗin. Akwai kuma abu ɗaya da ke ruɗar mutane: Louvre na da sashen da ya adana dubban tsofaffin faranta, kuma har yau yana bugawa da su yana sayar wa baƙi. Faranti tsoho, takarda sabuwa. Ga ɗalibin da ya zauna a Faransa, wannan ne na fi zato.

Ko da ya tabbata na ƙarni na 17 ne, irin wannan bugu yawanci ba ya wuce 'yan ɗaruruwan yuro, kuma tabon danshi ko yanke gefen takarda na rage shi sosai. Kada ku goge, kada ku liƙa masa salatif. Ku ɗauki hoton gaba da baya ku aika wa wani gidan gwanjo, da yawansu na yin ƙiyasin farko kyauta. Ni dai da a yi masa kuɗi daidai gwargwado a sa a kason wanda ya fi son ajiye shi.

Wani ɗan kasuwa mazaunin Lyon ya tambaya: Na ga wani zanen fenti a kundin gwanjo, an ce na "masu bin salon Poussin" ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na ji an sha sayen irin wannan da arha ya zama na gaske. In taya?

Alhaji, labarin da ka ji ya faru, kuma ɗaya yana garin da kake. A 1986 an sayar da wani zane na gudun hijirar Maryam da ɗanta zuwa Masar a gwanjon Versailles, a matsayin aikin ɗakin sana'ar Poussin, wato na mataimakansa ba nasa ba, kan faran miliyan 1.6. Daga baya masana suka yarda hannunsa ne, aka yi shari'a, aka soke cinikin, sannan a 2007 aka saya wa gidan kayan tarihin Lyon shi kan yuro miliyan 17. Kafin nan, a 1968, wasu ma'aurata sun sayar da zane, ba da sunan Poussin ba, a gidan gwanjon Drouot da ke Paris kan faran 2,200, Louvre ta karɓe shi ta rataye da sunan Poussin. Sai da aka yi kusan shekara 20 ana kotu kafin ya dawo hannunsu, kuma a 1988 ya yi sama da faran miliyan 7.

Ka lura da inda ribar ta faɗa a duka biyun: wajen mai kayan farko. Kotunan Faransa na iya soke ciniki idan mai sayarwa ya sallama bisa kuskure game da ainihin abin. Wato ko ka ci sa'a, ba lalle ta zauna a hannunka ba.

Kuma sa'ar ba ta da yawa. Zanen Poussin da aka amince da su ɗari biyu da wani abu ne, akasarinsu a gidajen tarihi, alhali an shafe ƙarnoni ɗalibai na kwaikwayonsa. Kalmomin kundin gwanjo matakala ce: sunansa kai tsaye, sai "ana jingina masa", sai "ɗakin sana'arsa", sai "na kewaye da shi", sai "mai bin salonsa", sai "kwafi". Kowane taki ƙasa, kuɗi na faɗuwa warwas. Naka yana can ƙasa, kuma manyan dillalan Paris da Landan sun riga ka ganin kundin. Abin da ke ɗaga zane sama shi ne tarihin hannayen da ya bi, ko tsohon bugu da ya nuna shi tun zamanin mai zanen, da amincewar masana irin su Pierre Rosenberg, tsohon shugaban Louvre.

Ko na gasken ma ba kullum yake samun mai taya ba. A Disamba 2010 gidan gwanjon Christie's ya fito da wani sanannen zanensa na gidan sarautar Rutland, an ƙiyasta fam miliyan 15 zuwa 20, tayi bai kai ba, aka ce albarka. A 2011 gidan tarihin Kimbell da ke Texas ya saye shi a ciniki na gefe kan dala miliyan 24.3.

Idan zanen ya kwanta maka a rai don ka rataye a falo, taya. Amma ka nemi rahoton lafiyarsa tukuna, ka je ranar baje koli ka sa a juya maka bayansa ka ga tambura da facin ƙyallen, ka kuma roƙi a haska shi da fitilar da ke tona inda aka yi ƙarin fenti. Sannan ka tsayar da iyakarka kafin ka shiga zauren, kana lissafin la'adar gidan gwanjo, wadda kan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye a kan abin da aka buga guduma.