Tambaya da Amsa: Iyalin Kong da Littafin Salsalarsu

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani iyali a ƙasar Sin da ke iya lissafo kakanninsa na fiye da shekara 2,500. Shin gaskiya ne, kuma ta yaya suka kiyaye wannan salsala ba ta yanke ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Iyalin da kike nufi shi ne na Kong, zuriyar malamin nan Kong Qiu, wanda duniya ta fi sani da Konfushiyas, da aka haifa a shekara ta 551 kafin Miladiyya a yankin Qufu, cikin lardin Shandong na yau. Sunan Kong ya samo asali ne daga wani kakansa, Kongfu Jia, babban jami'i a masarautar Song, wanda bayan an kashe shi zuriyarsa ta yi ƙaura zuwa masarautar Lu.

Gatan da sarakuna suka yi wa gidan ya taimaka ƙwarai, domin a shekarar 1055 aka ba magajinsa sarautar Yansheng, aka yi ta gadonta har zuwa 1935. Sai dai a ganina, abin da ya fi riƙe salsalar shi ne tsarin raɗin suna. Sinawa kan fara da sunan iyali, su kuma 'yan gidan Kong sai su biyo da wata kalma wadda aka keɓe wa kowane tsatso, wato kowane mataki na zuriya, tun kafin a haife shi: De ga tsatso na 77, Wei ga na 78, Chui ga na 79. Saboda haka idan baƙi biyu masu sunan Kong suka haɗu, da jin suna kowa ya san matsayinsa, kuma ba abin mamaki ba ne dattijo mai furfura ya tarar cewa yaron da ke gabansa sa'an kakansa ne a lissafin dangi.

A 2009 aka kammala sabunta littafin salsalar, wanda rabonsa da gyara tun 1937, ya fito cikin juzu'i 80 ɗauke da sunaye kimanin miliyan biyu. A wannan karon ne aka fara shigar da mata, aka kuma shigar da rassan zuriyar da suka musulunta, waɗanda ake samun wasunsu a lardin Gansu.