Arduino zai iya kashe injin ruwa idan tanki ya cika?

Malam, ka ce kana so Arduino, wato ƙaramin allon kwamfutar nan da ake tsara wa umarni, ya riƙa kashe maka injin jan ruwa da zarar tanki ya cika. Zai iya, amma kar ka kuskura ka jona injin kai tsaye da shi, don ƙafar Arduino Uno volt 5 take bayarwa, injin kuwa wutar nefa mai volt 230 yake ci. Sai ka sa relay, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa da kashewa, a tsakani, in samasibul ne babba to relay ɗin ya tada kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai ƙarfi, don ƙananan relay ɗin nan saurin ƙonewa suke yi wajen tashin inji. Ni dai a ganina float switch, wato makunnin da ke yawo a kan ruwa yana kashe inji in tanki ya cika, shi kaɗai ma ya isa ba sai da Arduino ba, ga arha. Ɓangaren wutar kam kira mai wayarin ya haɗa maka, kar ka taɓa da kanka.